Darasi na Bakwai: Yada Zango a Bakin Tafki

Idan kaka ta wuce, aka kwashe gero da dawa, ruwan fadama ya fara janyewa, mutane da yawa a ƙasar Tambuwal da Kebbe ba a gida suke kwana ba. Masunci yakan ɗauki komarsa ya koma bakin ruwa. Mai lambu yakan kafa bukka kusa da injin ban-ruwansa don kada a yi masa ɓarna da dare. Bafulatani yakan gangaro da shanu daga tudu yana neman mashaya da ɗanyar ciyawa. Masu sayen kifi su yi banda su ma sukan bi sahu, su yi kwanaki ba su ga gida ba. In kuma aka sa ranar bikin kamun kifi a tafkin Romo da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, sai baƙi su yi ta kwarara daga garuruwan kusa da na nesa, kowa yana neman inda zai shimfiɗa tabarmarsa.

Wannan darasi a kan wannan kwanan ne. Za mu duba irin masaukan da mutum zai iya samu a bakin ruwa, da yadda ake zaɓen wuri, da wanda ake neman izininsa, da abubuwan da ke kashe mutane a zango alhali ana iya kauce musu. Da yawa daga cikinku kun fi littafin nan sanin bakin ruwa. Saboda haka ku karanta kuna gwadawa da abin da idonku ya gani.

Ruwanmu da lokutansa

Tambuwal tana kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, Kebbe kuma tana kudu da ita. Babban ruwan wannan yanki shi ne Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega, kafin ya haɗu da gulbin da ya gangaro daga Sakkwato da Argungu. Da damina gulbin yakan cika ya malala cikin fadamu, in ya janye sai ya bar tafukka da ƙoramu da laka mai albarka, inda ake noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu.

Ruwan sama a nan yakan kankama daga watan Yuni zuwa Satumba, kuma gulbi ya fi cika a Agusta da Satumba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, sanyin dare a bakin ruwa yana ratsa ƙashi. Daga Maris zuwa Mayu kuwa bazara ce, zafin rana yakan haura ma'auni 40. Abin da mai zango zai riƙe a ransa shi ne, gulbi ba ya jiran a yi ruwa a garinku kafin ya cika. Ana iya tafka ruwa can gabas a ƙasar Zamfara, sararin sama a Kebbe yana garau, amma cikin dare ruwan ya iso ya hau gaɓa. Wanda ya kafa bukka yana duban gajimaren da ke bisa kansa kaɗai, bai duba inda ya kamata ba.

Masaukai iri-iri

Kwana a waje ba baƙon abu ba ne gare mu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro sukan yi watanni a hanya, kullum dare a zango. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma yana gaba yana duba hanya da wurin sauka. Ba su yada zango sai inda akwai ruwa da abincin jakuna, kuma ba su sauka a ƙasar wani sai sun gaida mai ƙasar sun biya abin da aka yanka musu. Wasu zangunan sun daɗe har suka zama unguwanni, shi ya sa har yau ake kiran unguwannin Hausawa a Kumasi da Akara da suna Zango. Tsarin fataken nan bai tsufa ba, abin hawa ne kawai ya sauya.

Masauki na farko, kuma wanda ya fi kowanne a ganina, shi ne gidan mutumin gari. Ka kwana a zaure ko a ɗakin baƙi a ƙauyen da ya fi kusa da tafki, da safe ka gangara bakin ruwa, da yamma ka dawo. Akwai rijiya, akwai makewayi, akwai masallaci, akwai wanda zai san ba ka dawo ba in dare ya yi. Mai iyali, da tsoho, da mace mai goyo, da duk wanda ya zo kallo ba aiki ba, wannan ne nasu.

Na biyu shi ne sansanin masunta. Bukkoki ne na kara da zana, wani lokaci a lulluɓa tamfol ko leda a sama, an jera su a kan tudu kusa da inda ake ɗaure jirage. A gefe za ka ga taru da kalli an shanya, ga wurin banda hayaƙi yana tashi, tarwaɗa da ƙarfasa suna bushewa a kan waya. Wurin yana da ƙarni da ƙudaje, amma yana da jama'a, kuma mutanen da ke cikinsa sun san halin ruwan shekara da shekaru. Baƙon da aikinsa ya tilasta masa kwana a bakin ruwa, gara ya nemi gurbi a gefensu da ya ware shi kaɗai.

Bukkar lambu ta mai gona ce, ba masaukin baƙo ba, sai in shi ya gayyace ka. Haka ma ruga. Amma akwai darasi a rugar Fulani ga mai lura. Ba su kafa ta a cikin laka ko da kuwa mashaya suke nema. Sukan zaɓi jigawa mai ɗan tazara, su riƙa kora shanu zuwa ruwa suna dawowa. Matan ne ke lanƙwasa itace su rufa bukka cikin ɗan lokaci, da yamma kuma a hura wuta mai hayaƙi a tsakiyar garke don korar sauro da ƙudaje. A da, manomi da kansa yake roƙon makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi domin taki, har ya ba shi damin hatsi. Inda wannan al'ada ta ɗore, zaman lafiya ya fi ƙarko.

Sai tanti na zamani, wanda 'yan makaranta da ma'aikata da matasa masu yawon buɗe ido suke zuwa da shi. Yana da sauƙin ɗauka, mai kyau kuma yana da ragar hana sauro. Aibinsa shi ne da rana ya zama tanda, kuma sauƙin kafa shi yakan ruɗi mutum ya dasa shi duk inda ya yi masa kyau a ido, ba tare da tambayar kowa ba.

Tudun da ruwa ya kewaye gefe uku

A nan za mu daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure. A yawancin tafukka da lanƙwasar gulbi akan sami wani tudu da ya kutsa cikin ruwa, ruwa ya kewaye shi dama da hagu da gaba, wata 'yar siririyar ƙasa ce kawai ta haɗa shi da gaɓa. Duk wanda ya gan shi sai ya so shi. Iska tana kaɗawa ta kowane gefe, ruwa yana kusa, ana hango jirage daga nesa, mai dabbobi kuma yana ganin in ya tsare mashiga ɗaya ya tsare dukiyarsa duka.

To amma mashiga ɗaya mafita ɗaya ce. Wannan siririyar ƙasa galibi ita ce mafi ƙasƙanci a wurin, don haka ita ruwa yake fara shanyewa in ya ƙaru. Mutum yana kwance a kan tudu, tabarmarsa a bushe, bai san hanyarsa ta koma ƙarƙashin ruwa ba sai da asuba. In gobara ta tashi daga busasshiyar ciyawar gaɓa, ta mashigar za ta biyo. In mugaye suka zo, ta nan za su tsaya. Abin da ya sa wurin ya yi daɗin tsaro da rana shi ne ya mai da shi tarko da dare.

Kafin ka sauke kaya a irin wannan wuri, ka ajiye su a gaɓa ka taka da ƙafa. Dubi gindin itatuwan da ke mashigar. In ka ga wani zobe na busasshiyar laka a jikin kututture, ƙasa da shi ɓawon ya yi fari-fari, to nan ruwan bara ya tsaya. Ɗaga kai ka duba rassan ƙasa: in akwai tarkacen kara da busasshiyar kainuwa da tsumma sun maƙale, ruwa ne ya rataye su, ba iska ba. Sunkuya ka duba ƙasar. Baƙar laka mai tsagewa, da ɓawon katantanwa a warwatse, da busassun ganyen bado, duk suna gaya maka cewa inda kake tsaye gadon ruwa ne. Rairayi ko jan ƙasa mai tsakuwa, da tsofaffin itatuwan tudu irin su tsamiya, su ne alamar wurin da ruwa bai saba zama ba. Bukkarka ta kasance sama da alamar ruwa mafi tsayi da ka gani, ba daidai da ita ba.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ta kamata kowa ya riƙe. Da la'asar ka kafa kara a daidai bakin ruwa, a gefen mashiga. Kafin ka kwanta ka haska shi da tocila, in ka farka cikin dare ka sake dubawa. In ruwa ya wuce karan, kada ka tsaya lissafi, ku kwashe ku koma gaɓa. Da rani, lokacin da ruwa ke ja da baya kullum, haɗarin ya ragu sosai. Daga farkon damina zuwa ƙarshen Satumba kuwa, ni ban ga dalilin da zai sa mai hankali ya kwana da iyalinsa a irin wannan tudu ba. Wanda sana'a ta tilasta masa, to jirginsa ya kwana a ɗaure kusa da shi, da filafili a ciki.

Bakin ruwa yana da masu shi

Ɗan birni yakan ga fili a bakin tafki ya ɗauka na kowa ne. Ba haka ba ne. Wannan filin gonar wani ce da ke jiran ruwa ya janye, wancan burtali ne da shanu ke bi zuwa mashaya, can kuma wurin da masunta suka hana kamu ne har sai ranar da aka buɗe. Ruwa yana da Sarkin Ruwa, makiyaya suna da Arɗo, ƙauye yana da mai gari, sama da shi akwai hakimi. Da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka zango yana farawa ne daga ƙofar gidan mai gari. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka gaisa a natse, sannan ka faɗi buƙatarka ba tare da ɓoye komai ba. Misali: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne daga Dogon Daji, mu shida ne. Kifi muka zo saye, muna so mu yi kwana uku. Inda duk ka ga ya dace, nan za mu sauka." Sau da yawa amsar takan zo da abin da ya fi izini. Za a ce maka, "Malam, kada ku sauka ta gabas, hanyar shanu ce," ko a haɗa ka da yaro ya kai ka wurin Sarkin Ruwa. Wannan 'yar gaisuwa ita ce ta mai da kai baƙon gari, wanda in wani abu ya same shi za a tashi tsaye.

A wannan zamani maganar ta ƙara nauyi. Kowa ya san matsalar 'yan bindiga ta taɓa dazuzzukan da ke tsakanin Sakkwato da Zamfara da Kebbi. Baƙuwar fuska da ta kafa bukka a daji ba tare da sanin kowa ba tana jefa kanta cikin haɗari biyu: na mugaye, da na zargin mutanen gari. In mai gari ko jami'an tsaro suka ce wuri kaza ba ya kwanuwa, maganar ta ƙare, ba a jayayya. Ka bar wa na gida sunan ƙauyen da kake da ranar dawowarka, ka duba ko waya tana kamawa a wurin tun da rana.

Kafa bukka da hura wuta

Ƙofar bukka ta dubi yamma ko kudu. Hadarin damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. A share ciyawa da ganye a kewayen bukka har ƙasa ta fito fili, domin maciji da kunama ba su son fili, wuta ma ba ta samun abin ci. Kada a kafa kusa da suri ko tarin duwatsu ko ruɓaɓɓen kututture. Da rani inuwar gawo ta fi, tun da shi lokacin ne yake da ganye, amma a ɗaga kai a tabbata babu busasshen reshe a sama. Da damina a nisanci doguwar itaciya da ta tsaya ita kaɗai, saboda tsawa.

Wuta ita ce babbar abokiyar gabar zango. Kara da zana da leda, in suka bushe da hunturu, ƙyastawa ɗaya ta ishe su. Alhazanmu sun san labarin Mina: a shekarar 1997 gobara ta tashi a cikin tantunan mahajjata, iska ta kwashe ta, sama da mutum 300 suka rasu. Bayan haka ne hukumomin Saudiyya suka kafa tantunan da wuta ba ta saurin ci. Mu ba mu da irin waɗannan tantuna, abin da muke da shi tazara ce. A bar fili tsakanin bukka da bukka, murhu da wurin banda su kasance a gefen da iska ke nufa, jarkar fetur ta injin ban-ruwa ta yi nesa da su duka. Kafin a kwanta a kashe wuta da ruwa ko a binne ta da ƙasa.

Wani kisan kuma ba ya zuwa da harshen wuta. In sanyi ya tsananta, mutum yakan shigo da kaskon gawayi cikin bukkar da aka lulluɓe da tamfol, ya toshe ko'ina. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, in yana barci kuwa ba zai farka ba. Hayaƙin janareta ma haka yake. A ji ɗumi a waje, a shiga ciki da bargo.

Ruwan sha, bahaya da cuta

Kusancin ruwa ba ya nufin samun ruwan sha. Tafkin da shanu ke sha, ake wanki da wanka a cikinsa, ba a ɗiba a kai baki. In akwai rijiya ko famfon burtsatse a ƙauye, a ɗebo daga can. In babu, a tace ruwan da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi har ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa maganin tsarkake ruwa kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbarsa. Mun ga amfanin wannan a ƙasarmu: da tace ruwa da gyara rijiyoyi aka yaƙi kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi.

Ramin bahaya shi ne aikin farko bayan bukka, ba na ƙarshe ba. A haƙa shi aƙalla mita 30 daga ruwa ko rijiya, wato kimanin taki 40 na babban mutum, a wurin da ambaliya ba ta kaiwa, a kewaye shi da zana, a riƙa zuba toka ko ƙasa. Zangon da ba shi da rami, bakin tafki ne makewayinsa, daga nan kuma amai da gudawa suke samun hanya. In gudawa ta kama wani, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ana ba shi ana neman hanyar asibiti.

Tsargiya ta cancanci a tsaya a kanta, domin an raina ta. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini ga yaro namiji a matsayin alamar girma, alhali tsutsa ce ke cin mafitsararsa. Mai cutar yakan yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin ƙananan katantanwa, daga nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai an sha ba, tsayuwa a ciki ta isa. Ta fi yawa a ruwan da ke kwance mai ciyayi, irin wanda yara ke son wasa a ciki. Masunci ba zai iya guje wa ruwa ba, amma yana iya zuwa asibiti a ba shi maganin da ake kira firazikwantel, yana kuma iya hana fitsari a tafki. Ruwan wanka kuwa, in aka ɗebo aka ajiye shi kwana biyu a rufe, tsutsar takan mutu.

Sauro ba ya buƙatar dogon bayani: gidan sauro mai magani ya shiga cikin kaya tun kafin tukunya. Maganar maciji ce ke buƙatar gyara. A kakkaɓe takalmi da tabarma kowace safiya, kada a fita da dare ba tocila. In tsautsayi ya faɗa, kububuwa ko kasa ta sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau da igiya. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Tun ranar sauka ya kamata a san wane asibiti ne mafi kusa, da wanda ke da babur.

Jirgi kuma a kiyaye lodinsa. A watan Afrilun 2022 jirgin ruwa ya kife a Gidan Magana da ke ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Tambuwal, mutum 29 suka rasu. Kada a shiga jirgin da bakinsa ya kusa shafar ruwa, kada a tsallaka da dare ko hadari ya haɗo, rigar kariya kuma in an samu a sa, ba abin kunya ba ce.

Abin da wasu suka yi da nasu tafkin

A jihar Wiskonsin ta Amurka akwai wata doguwar ƙasa da ta kutsa cikin tafkin Mishigan, inda mutane ke zuwa hutu. Tun 1909 gwamnatin jihar ta keɓe wani yanki a can ya zama wurin shaƙatawa, yau kuma yana da guraben kafa tanti sama da 400. Kowane gurbi yana da lamba, da wurin hura wuta, ana kama shi tun kafin a zo, a biya kuɗi, akwai makewayi da ruwan sha da ma'aikata masu lura. Ba tafkin kaɗai mutane ke biya ba, tsarin suke biya. Kusa da mu kuma ga Argungu, inda bikin kamun kifi na Matan Fada ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Abin da ya ɗaga Argungu shi ne an kiyaye ruwan da doka, an kuma tanadi inda baƙo zai sauka.

Romo da fadamun Kebbe ba su buƙatar otal kafin su fara. Abin da ake buƙata yana cikin ƙarfin ƙauye: fili ɗaya a kan tudu da mai gari da Sarkin Ruwa da Arɗo suka amince da shi, nesa da burtali, mai mafita fiye da ɗaya; rumfunan zana da matasa za su kafa su bayar haya; makewayi biyu, na maza da na mata; randunan ruwa mai tsabta; ramin shara; da littafi guda da za a rubuta sunan kowane baƙo da garinsu. Kuɗin da aka tara ya tafi ga gyaran wurin, a kuma riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Mata masu abinci da masu banda su ne za su fara cin riba. Sai dai ina jan kunne a kan abu ɗaya: kada a kori masunci ko makiyayi daga inda ya gada don a faranta wa baƙon kwana biyu. In aka yi haka, rigimar da za ta biyo baya ta fi kuɗin hayar rumfa tsada.

Ranar tashi, a cike ramin bahaya, a tattara leda da tsohuwar raga a ƙone ko a tafi da su, domin saniya tana haɗiye leda ta mutu, ragar da aka yar a ruwa kuma tana ci gaba da kashe kifi ba mai amfana. A koma wurin mai gari a yi sallama.

Tambayoyi da aiki

1. Waɗanne alamu ne ke nuna inda ruwan bara ya tsaya? Kawo uku daga darasin, ka ƙara ɗaya daga saninka.
2. Me ya sa tudun da ruwa ya kewaye gefe uku yake da haɗari da damina ko da ba a yi ruwan sama a garinku ba?
3. Bayyana yadda tsargiya ke tashi daga mutum ta kama wani.
4. Rubuta jimloli biyar da za ka faɗa wa mai gari in ka je neman izinin sauka.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya sami wani dattijo masunci, ko makiyayi, ko mai lambu, ya tambaye shi wane wuri ne a bakin ruwan garinku ba a kwana, kuma me ya sa. Mata su tambayi masu banda ko matan ruga yadda suke samun ruwan sha a zango. Ku rubuta amsar da hannunku, ko da layi uku ne, ku zo da ita aji mu karanta tare.